Mai Rai a Motar Gawa

Gwaggo Saratu, yayar babana, a motar asibiti take aiki, irin mai jiniya da jar fitila a ka. Wani ƙaramin asibitin kuɗi ne a Sabon Gari ke da ita. A jikinta an rubuta cewa ta marasa lafiya ce, amma a unguwarmu ban taɓa jin wanda ya kira ta haka ba. Motar gawa ake ce mata. In ta tsaya a ƙofar wani gida, kafin direba ya kashe inji mata sun fara neman mayafi.

Gidanmu yana Samaru, ta hanyar Bomo, kuma 'yan jami'a ne ke haya a ɗakunan gaba. Wata Asabar da damina Gwaggo ta zo gaida Mama, ranar hutunta ce. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa. Yakubu, ɗaya daga cikin 'yan hayar, yana zaune a benci cikin rana, ya lulluɓa da bargo, takardun karatu a cinyarsa. Tun da na zauna ban ga ya juya shafi ba. Ƙafarsa ta hagu tana naɗe da tsohuwar singileti. Kwanakin baya ya taka fasasshiyar kwalba a ruwan kwata, abokansa suka zuba masa man birki, suka fasa kafso suka barbaɗa. Da zazzaɓi ya biyo baya, mai kemis na bakin titi ya ce maleriya da taifot ne. Mama ta ce mutumin nan ko akuya aka kai masa, maleriya da taifot zai ce.

Gwaggo ta miƙa wa Yakubu hannu suka gaisa, sai ba ta sake shi ba. Tana yi masa zancen ruwan da aka yi jiya, amma idonta yana kan bargon, daidai inda ƙirjinsa ke ɗagawa. Ta danna farcensa ya yi fari, ta saki, ta tsaya kallo. Jan ya daɗe bai dawo ba. Ta durƙusa ta warware singiletin. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri tana sheƙi, warin ya iso har inda nake.

"Ɗana, yaushe rabonka da fitsari?"

Sadik, abokin ɗakinsa, da wasu biyu da ke buga ludo a baranda suka fashe da dariya. Yakubu ya tsaya yana tunani, kamar tambayar jarrabawa aka yi masa.

"Tun jiya da safe, ina jin."

"Asibiti za ka, yanzun nan."

"Haba Mama, Litinin ina da jarrabawa. In na rasa ta sai baɗi, kariyoba ke nan. Taifot ne, na ma kusa gama maganin."

Gwaggo ba ta yi musu da shi ba. Ta zagaya bayan kicin ta yi waya, sannan ta kira Mama. Farantina yana kusa, na ji komai.

"Ciwon ya shiga jininsa," in ji ta. "In ya kwana a gidan nan ban san abin da za mu tarar da safe ba. Na kira Baba Tanko direbanmu ya kawo mota, akwai iskar numfashi da ruwan ƙari a ciki. Kafin ya iso daga Sabon Gari, kada a bar yaron nan ya shige ɗaki ya kulle."

Ta dawo ta zauna a gefen bencin, ta ba shi ruwa a kofi, ta sake kama hannunsa kamar wadda ta rasa wurin ajiye nata.

Sadik ya ce, "Anti Nas, don Allah ki bar yaro ya yi karatu. Aikin naku ma wa zai kasa? A kunna jiniya, a taka mota, a sauke. Ni ma in na gama digiri ban samu aiki ba, shi zan kama."

"Kowa ya raina tsayuwar wata," in ji Gwaggo.

"Ya hau ya gyara," in ji Sadik. "Mun sani. Ba mu labari."

Sai ta ba su.

"Aikina na farko ba a mota na yi shi ba, a benci na yi shi. Wata tsohuwar nas, Sista Komfot, ita ta koya mini. Ta ba ni agogo mai hannun daƙiƙa, ta zaunar da ni cikin masu jiran likita, ta ce in ƙirga numfashin kowa ba tare da ya sani ba. Na ce, Sista, ba na tambaye su ba kawai? Ta ce je ki gwada. Na ce wa wani ɗan kasuwa zan ƙirga numfashinsa. Nan take ya gyara zama, ya shiga ja yana saki a hankali kamar limami. Mutum in ya san kana kallon numfashinsa sai ya yi maka na baƙi. Shi ya sa muke riƙe hannu, muna zancen damina. Babban mutum da ke zaune lafiya ba ya wuce numfashi ashirin a minti. In ya wuce, bai yi gudu ba, bai ga mai binsa bashi ba, to ka buɗe ido."

Na lura Sadik ya ajiye ɗan ludon da ke hannunsa.

"Kayan aikin ba su da yawa. Ma'aunin zafi, abin awon jini, da wani ɗan maƙale da ake sa wa a yatsa ya nuna iskar da ke cikin jini. Shi wannan in mace ta sha baƙin lalle ko jan farce sai ya yi maka ƙarya, sai ka nemi wani yatsan. Batir kan mutu, roba kan tsage. Abin da ba ya mutuwa shi ne ido da hanci da tafin hannu. Ciwon da muka fi tsoro likitoci suna ce masa sefsis. Mu sai mu ce ciwo ya shiga jini. Ƙwayar cuta ce ke farowa daga wuri guda, ko rauni, ko mafitsara, ko ƙirji, ko mahaifar mai jego. Jiki ya tashi faɗa da ita, faɗan ya yi yawa, har ya shiga rushe gidan da yake karewa. Ƙoda ta daina aiki, jini ya faɗi, kai ya rikice. Ba ya zuwa da ihu. Zuwa yake sanye da rigar zazzaɓin da kowa ya saba da shi."

"To ta yaya za ki san ba maleriya ba ce?" in ji ɗaya daga cikin masu ludon.

"Ban sani ba. Ba ni da ɗakin gwaji a jaka. Maleriya ma in ta yi tsanani tana yin haka, kuma ita ma ba ta jira. Aikina ba sa wa ciwo suna ba ne, wannan na masu kemis ne, su da suka san suna biyu rak. Aikina in gane wanda zai iya jiran Litinin da wanda ba zai iya ba. Numfashi ya yi sauri, zuciya tana sukuwa, jiki zafi amma tafin hannu sanyi, fitsari ya ɗauke, magana ta fara kaucewa hanya. In na ga waɗannan sun haɗu, sai in tambaya ina ƙofar da ciwon ya shigo. Kullum akwai ƙofa."

Ba ta kalli ƙafar Yakubu ba da ta faɗi haka. Kowa dai ya kalla.

"Masu hayar motarmu kuwa, mafi yawansu ba sa numfashi ko kaɗan. Mai rai in ya kwanta, a keke ake kai shi, an naɗe shi kamar tabarma, ƙafa a waje. In ya cika, sai a tuna akwai mota mai gado da jiniya. A manna hotonsa a gilas, a ɗaura ganye a gaba, a ce Baba Tanko ya kunna jiniya tun daga unguwar PZ, kowa ya kauce. Mutumin da bai taɓa samun hanya yana raye ba, ranar nan har tirela sai ta ba shi. Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi abin ya ƙara lalacewa. Mai asibitin ya sa aka cire gadon maras lafiya don akwati ya samu wuri. Ni kuma ya ce in riƙa bin gawa da farin kayana, wai nas a gaban mota tana ƙara wa jana'iza kwarjini. Watanni na yi ina raka mutanen da ba su buƙatar komai daga gare ni. Jakata dai ban taɓa barinta ba, da 'yar tukunyar iska a ƙarƙashin kujera. Baba Tanko yana ce mini, Saratu, wa za ki auna, mai akwatin?"

Ta ɗan juya hannun Yakubu, ta dubi agogonta. Agogon a cikin tsintsiyar hannu take ɗaura shi, fuskarsa tana kallonta.

"A shekarar ce aka yi hayar mu mu kai wani tsoho, mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari, garinsu can kudu. Mun ɗauko shi daga ɗakin ajiye gawa da hantsi. Al'adarsu sai an biya da shi gidansa ya yi sallama. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga 'yan badujala da ƙahoninsu. Babban ɗansa, Oga Chidi, haifaffen nan ne, Hausa a bakinsa kamar ta Tudun Wada. Yana ta kai da komo da waya biyu, yana cewa 'yan uwa suna jira a ƙauye, an haƙa kabari, an yanka saniya.

"Na shiga falo in yi gaisuwa. Matar Oga Chidi, Nkechi, tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, mata suna yi mata fifita. Tana ta cewa a kira Baba, surukin nata da ya rasu, ya zo ya ci abinci kafin ya huce. Matan suna share hawaye, suna cewa ku ga suruka ta gari, baƙin ciki ya taɓa mata kai. Wata ma har tana zungurar tata surukar, wai ta koya. Na durƙusa na kama hannunta, na ce sannu da haƙuri. Hannun kamar an ciro shi daga randa. Wuyanta kuwa wuta. Na bar baki yana ta'aziyya, ido yana ƙirga. Sai na ji kukan jariri a ɗaki. Na ce na wa? Aka ce nata, ko sati biyu bai yi ba. Tun rasuwar ba wanda ya tambaye ta yadda take, ita ke tsaye a kan tukunyar baƙi. Na matsa na tambaye ta a kunne. Mara tana ciwo, abin da ke fita yana wari, fitsari tun jiya babu. Ga ƙofa. Na auna jini, ya faɗi ƙasa warwas.

"Na fita na ce wa Oga Chidi a sauke akwati."

Sadik ya ce, "Kai!"

"Haka shi ma ya ce, ya ƙara da wasu kalmomin da ba na gidan mutuwa ba. Ya ce maleriya ce da gajiya, an ba ta magani, in an dawo daga binnewa za a duba ta. Na ce, Oga, Baba ya riga ya isa inda za shi. Ko jibi ka kai shi ba zai yi fushi ba. Ita wannan in ka tafi ka bar ta, kafin ka dawo sai ka sake hayar mu, kuma ka san farashinmu. Kawunnansa suka taso, wai ba a sauke gawa in ta hau hanya. Baba Tanko ya zare makullin mota ya sa a aljihu, ya ce shi ma al'adarsu ba a tuƙa matacce a bar mai rai. Ban san inda ya samo al'adar ba, ina jin a nan ya ƙirƙire ta. Oga Chidi ya shiga falo ya kira matarsa da sunanta. Ta dube shi ta ce masa sannu da zuwa, wa ake nema? Ya fito da kansa ya kama hannun akwatin.

"Aka ɗora Baba da akwatinsa a kan benci biyu ƙarƙashin rumfa. Muka shimfiɗa katifa inda ya tashi, muka kwantar da ita. Na sa mata iska, na samu jijiya da ƙyar, na rataya ledar ruwa a ƙugiyar da ake rataya furannin mamaci. Na yi waya asibiti na ce ga mai jego nan tafe, ciwo ya shiga jini, a tanadi allura da gado, kada a ce mu je yankar kati. Wannan wayar rabin aikin ce. Muka tashi da jiniya. 'Yan badujala suka ɗauka tafiya ta fara, suka biyo mu da kiɗa har bakin kasuwa. A ƙofar asibiti mai gadi ya ga hoton tsoho a gilas, ya nuna mana hanyar ɗakin gawa. Na leƙo na ce mai rai ce! Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, Hajiya, wannan ai namiji ne."

Har Mama sai da ta yi dariya. Yakubu bai yi ba. Kansa yana jingine da bango, leɓensa ya bushe ya yi fari-fari.

"Ta rayu?" in ji Sadik.

"Tana nan, tana sayar da atamfa. Yaron har ya fara tafiya. In ka tambayi mijin, zai ce maka taifot ne ya yi mata ƙarfi." Ta juya. "Yakubu, a labarin nan me aka ɗora a kan benci?"

Yakubu ya buɗe ido. "An raba takardar? Ban zo da biro ba."

Ba wanda ya yi dariya. Na ga wayar Sadik a hannunsa, agogon ciki yana tafiya. Ashe tun ɗazu shi ma ƙirgawa yake.

"Anti," ya ce, muryarsa ta sauka, "na samu talatin. Ko na yi kuskure ne?"

"Ba ka yi ba. Je ka ɗauko masa riga da katin makarantarsa."

Daidai nan muka ji tsayuwar mota a waje. Baba Tanko bai kunna jiniya ba, amma bai hana komai ba. Yaran layi sun riga sun kai labari. Kafin a buɗe ƙofar baya, Iya Talatu ta gidan da ke kallon namu ta fito da mayafi a karkace tana salati, tana tambaya wane ne, wane ne. Wasu mata biyu suka tsaya a bakin kwata suka ɗora hannu a ka. Mai kemis ma ya leƙo daga shagonsa.

Da Yakubu ya hango farar motar ta zaure, hankalinsa ya dawo wuri guda. Ya riƙe bencin da hannu biyu.

"Wallahi ba zan shiga motar gawa ba. Ni ban mutu ba. In aka ɗauki hotona aka tura wa mamana a Kafanchan fa?"

"Shi ya sa za ka shiga yau," in ji Gwaggo, "da babu hoto a gilas. Je ka duba, Sadik, akwai ganye a gaba?"

Sadik ya leƙa ya dawo. "Babu."

"To ka ji. Motar nan za ta zo ɗaukarka, ɗana, wannan an gama. Abin da ya rage naka ka zaɓa, yau ko jibi. Yau kai za ka ce a rage gudu."

Yakubu ya dubi takardunsa da suka zube ƙasa. Ya dubi Sadik. Sadik ya durƙusa ya juya masa baya, kamar yadda ake yi wa yaro in za a goya shi. Sai Yakubu ya saki bencin.

Da suka fito ƙofar gida, Baba Tanko, wani ɗan siririn tsoho mai hular sanyi, ya tsaya a tsakiyar layi ya ɗaga murya kamar mai tallan kifi: "Mai rai ne, jama'a! Mai rai ne! Ɗaga musu hannu, yaro." Yakubu ya ɗaga hannu daga bayan Sadik. Iya Talatu ta ja da baya ta ce, "La'ilaha, har yana motsi." Ta ƙofar baya na hango Gwaggo ta riga ta sa masa robar iska a hanci, waya maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, tana ɗaure masa hannu tana neman jijiya. Jakarta ta zuwa gaisuwa tana nan a kan bencinmu, da lemun da ta kawo wa Mama.

Duk da haka, da yamma Iya Talatu ta aiko da kwanon dambu, wai ko da wani abu. Masu ludo suka cinye.

Yakubu ya fi mako a asibiti. An tsaga ƙafar an wanke, an yi ta ɗura masa allura ta jijiya. Sadik ne ya yi jinyarsa, kuma shi ya gaya mana cewa da suka isa ba a tsayar da su ko'ina ba, gado na jira. Mai kemis ya ce ai shi tun farko ya faɗa, taifot ɗin bana ba ya jin magani.

Ranar da Gwaggo ta dawo ɗaukar jakarta, Yakubu yana zaune a bencin nan, ya rame, ƙafar tana cikin farin bandeji. Ya gaishe ta har ƙasa, ya yi godiya yadda ya kamata. Sannan ya ɓata rai.

"Amma Mama, jarrabawar ta wuce ni. Sai baɗi. Shekara guda fa, a banza."

Gwaggo ta kama hannunsa. Ta tambaye shi ko an yi ruwa a Kafanchan, idonta a ƙirjinsa. Da ta gama ta sake shi, ta rataya jakarta.

"Ka maimaita," ta ce. "Waɗanda nake kaiwa gida da hoto a gilas, babu mai kariyoba a cikinsu. Duk sun gama."